Kilifar da Na Zaɓa wa Karen Madam

Ni mai aski ne. Shagona yana Agege, ba nisa da layin dogo: kujera ɗaya, benci biyu, da madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da na kafa shi. A shekarar da nake ba da labari kilifata ta tsufa tukuf. In na kunna ta sai ta yi gurnani kafin ta tashi, tana cin gashi tana ja. Mahautan da ke zuwa mini daga mayanka ba sa raga wa mutum. "Wanzam, aski ne wannan ko figar kaza?" Ina dariya da baki, amma abin yana ci mini rai.

Akwai wata kilifa a kasuwar Idumota da ta shiga raina. Mai caji ce, ruwan zinariya, ba ruwanta da janareta in an ɗauke wuta. Duk ranar da na je sayen hoda da reza sai na biya shagon, in ce a fito mini da ita, in jujjuya ta a hannu, in kunna in saurari sautinta, sannan in mayar. Mai shagon har ya daina tashi daga kujerarsa in ya gan ni.

Ina da aboki, Bagobiri ne daga ƙasar Nijar, sa'ana a shekaru. Ranar da ya sauka Legas a bayan motar shanu, a ɗakina ya kwana, kuma bai tashi ba sai bayan wata bakwai. Ni na koya masa danfon, wato bas ɗin haya, da ke zuwa Ikeja da wanda zai ɓatar da shi. Ni na koya masa gaisuwar Yarabanci. Turin baron fatu yake yi a mayanka, in ya dawo sai na buɗe taga saboda wari. Kuma ni, da bakina, na haɗa shi da aikin gadi. Wani mai zuwa aski ya ce wata madam a Ikeja tana neman mutumin kirki, na ce ga Bagobiri. Ni ai ina da sana'a, me zan yi da zaman ƙofa? Haka na faɗa a lokacin.

Kafin shekara mutumin nan ya canza. Kumatu suka fito, fata ta yi fes, warin fatu ya koma ƙanshin sabulu. Madam ɗin Bayarabiya ce, 'yar kasuwa, 'ya'yanta duk suna Turai, daga ita sai masu aiki sai kare. Tana tsokanarsa irin wasan nan na Gobirawa da Yarabawa, shi ma yana ramawa. In ya zo hutun Lahadi ya zauna a bencina, ba shi da hira sai ta karen. Fari ne, gashi buzu-buzu, girmansa ya kai tinkiya. A ɗaki mai sanyi yake kwana. Yana da likitansa. Yana da tawul uku. Ni da nake goge wuyan mutane da tawul ɗaya tun safe har yamma, ina jin haka sai in yi tsaki in ce, "Kai dai ka zama bawan kare." Sai ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Wata Talata da hantsi ya shigo da saurinsa, ba ranar hutunsa ba.

"Wanzam, taimako na zo nema."

"Karen ne ya kore ka?"

Ya zauna ya yi mini bayani. Da can akwai mutumin da ke zuwa da mota duk wata ya yi wa karen wanka da aski, to ya bar gari. An gwada wasu biyu, karen ya ƙi, da ya gan su sai rawar jiki da haushi. Ba wanda yake bari ya taɓa masa ciki da ƙafafu sai Bagobiri. Shi ne Madam ta ce ya je ya sayo kayan aiki ya koya. In ya iya, zai bar ƙofa gaba ɗaya, a ba shi ɗakin da ke bayan gida, mai banɗaki da fanka, kuma ta yarda ya ɗauko matarsa daga gida. Shekara huɗu ke nan matar tana can ita da 'ya'ya biyu.

"Ɗaki a Ikeja," na ce.

"Wallahi. Har da tayil."

Na ce masa ma sha Allahu, amma ban san yadda kalmar ta fita ba. Shekara goma sha shida ina aske kawunan Musulmi, ɗakina in an yi ruwa sai na ɗora katifa a kan bokitai. Shi kuwa daga shafa bayan kare zai shiga ɗaki mai tayil. Hassada ce, ba zan saka mata wani suna ba.

Ya ciro wata takarda a aljihu ya warware. Ɗan ƙullin gashin karen ne ya yanko don in gani. Na waiga, benci ba kowa. A unguwarmu in aka ji cewa hannun mai aski ko kayan aikinsa sun taɓa kare, to ya rufe shago kawai. Na sa tsinken ashana na tona gashin. Sama santsi ne, ƙasa kuwa wani laushi ne mai kauri, a cukurkuɗe kamar audugar tsohuwar katifa. Tun a nan hannuna ya gaya mini cewa wannan ba abincin kilifar mutane ba ne.

"Kai ne ka san ƙarfen aski," ya ce. "Ni ban san komai ba. Abin da ka ce shi zan saya."

Washegari muka tafi. Madam ta rubuta masa kwatancen wani shago a Ikeja da ba ya sayar da komai sai kayan karnuka da kyanwoyi. Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa. Kai! Gadon kare, rigar ruwan kare, man goge haƙoran kare. Na tsaya ina kallon wani bango guda cur na kayan gyaran gashi, na tuna ɗan akwatina na katako da ke shago, raina ya ƙara ɓaci.

Mai shagon wata mata ce mai tabarau, ta san aikinta. Bagobiri ya nuna mata hoton karen a waya, ta fara jera mana kaya a kan teburi tana bayani da Turanci gauraye da Yarabanci. Shi Hausa yake ji da ɗan Faransancinsu, Turancinsa bai wuce na buɗe ƙofa da rufewa ba, don haka ni ne kunnensa. Ta ba mu buroshi mai siraran wayoyi, ta ce da shi ake fara warware cukurkuɗewar. Ta ba mu mataji na ƙarfe, gefe ɗaya mai faɗin haƙora, ɗaya matsattse. Almakashi mai dunƙulallen baki, don kada ya tsone ido ko ya soki tafin ƙafa. Abin yankan farce mai ɗan shinge da ke hana a zarce har jini. Sabulun ruwa na musamman, wai namu yana busar musu da fata. Duk wannan na fassara masa daidai, har ina ƙara nawa, yana ta gyaɗa kai.

Sai ta ɗauko kilifa. Baƙa ce, mai nauyi, ba kyan gani. Haƙoranta wara-wara ne, da ta kunna sautinta ƙasa-ƙasa. Ta dube ni, na ga alama ta gane sana'ata daga yadda na riƙe abin, ta ce kada mu kuskura mu sa kilifar mutane a jikin wannan kare. Haƙoranta sun matse, za ta shaƙe a gashin, ta yi zafi nan da nan. Fatar kare siririya ce, musamman ciki da hammata. Ko da wannan tata ce, ta ce, a riƙa ɗora ƙarfen a bayan hannu lokaci-lokaci, in ya yi ɗumi a tsaya.

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce.

"Me ta ce, Wanzam?"

Na juya baƙar kilifar a hannuna. A daidai wannan lokacin ne ta Idumota ta faɗo mini a rai, da zinariyarta da sautinta. Dabarar ta zo mini a shirye, kamar da ma tana jira. In muka sayi waccan, za ta shaƙe a gashin tun karon farko. Madam mai hali ce, za ta ce a zo a sayi wannan baƙar, waccan kuwa a yar. Wa Bagobiri zai kai wa in ba ni ba? In karɓa a ɓoye, in canza mata haƙora, ba mai ji ba mai gani. Maganar zafi da fata kuwa, na ture ta gefe. Na ce wa kaina ai da ta shaƙe zai tsaya.

"Talla take yi," na ce. "Wannan tarakta ce, ba kilifa ba. So take ta liƙa maka tsohon kaya don ta ga baƙo. Ɗauki sauran, kilifa kuma mu je in nuna maka ta gaske."

Matar ta ga mun ture tata, ta sake maimaita gargaɗin, wannan karon shi take kallo, tana nuna bayan hannunta. Ya dube ni. Na ce, "Cewa take Allah ya kiyaye hanya." Ya yi mata godiya har da rusunawa.

Muka shiga danfo zuwa Idumota, cikin rana da cunkoso. Da mai shagon ya ji na ce a naɗe ta, sai da ya miƙe tsaye. "Oga, yau dai ka yanke shawara?" Na ce ba tawa ba ce, ta wani babban mutum ce. Bagobiri ya biya. Da muka fito ni na riƙe kwalin, a cinyata ya zauna har muka iso Ikeja, kuma sai da ya miƙo hannu sau biyu kafin na sake shi. Kare, jama'a! Kare zai riga ni.

"In ta yi nauyin tafiya fa?" ya tambaye ni a bakin ƙofar gidan.

"Ka ɗan danna," na ce. Haka nake yi da kan mutum mai taurin gashi, kuma maganar ta fito kafin in yi tunani. Bayan ta fito ma ina da damar janye ta, ban janye ba.

Ba na wurin ranar Asabar da ya yi aikin. Da azahar wayata ta yi ƙara, ina tsakiyar gyaran gemun wani dattijo.

"Wanzam, na yi ɓarna."

Bagobiri ne. Ya ce ya yi komai yadda aka ce: ya taje, ya wanke, ya busar, ya yanke farce lafiya lau, har Madam ta leƙo ta yaba. Kilifar ta ci bayan karen kaɗan, sai ta fara sarƙewa. Ya danna. Ta wuce, ta sake sarƙewa, ya sake dannawa. Bai san ƙarfen ya yi zafi ba, hannunsa yana can kan mariƙi. Karen kuwa ya tsaya cak yana haƙuri, don Bagobiri ne ke yi masa. Da ya iso ciki sai dabbar ta kurma wani ihu ta zabura, haƙoran suka kama fatar hammata suka yaga. Ga ƙuna a ciki, ga jini a tayil. Suna wurin lokotoro, ya ce, haka suke kiran likita a ƙasarsu, ana ɗinki.

Na ce, "Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba." Na ajiye wayar na koma kan gemun dattijo, na karkace masa gefe ɗaya har ya ce in bar shi haka.

Likitan ya nemi ganin abin da aka yi askin da shi. Da aka nuna masa ya girgiza kai, ya ce wa Madam ko makaho ba zai sa wannan a jikin irin wannan kare ba. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Bagobiri wa ya zaɓa, ba shagon da ta tura shi ya je ba? Ya ce ya je, shi ne ya ga wannan ta fi kyau. Bai ambace ni ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Kai taimakona ka yi. Hannuna ne ya yi nauyi."

Rauni ya warke, amma karen bai dawo masa ba. Da ya ji takunsa sai ya shige ƙarƙashin teburi yana rawar jiki, har fitsari yake saki. Ya gwada nama, ya gwada zama a ƙasa yana kiran sunansa, a banza. Bayan sati biyu Madam ta kira shi ta ce ita ba ta riƙe shi a rai ba, amma dabbar ba za ta zauna cikin tsoro a gidanta ba, ko a ƙofa karen ya gan shi ba ya cin abinci. Ta ce ƙarshen wata ya nemi wani wuri. Shi kuwa tuni ya buga wa matarsa waya cewa ta fara haɗa kaya.

Na san abin da ya kamata in yi. In je gaban Madam in ce mata ni ne, an gargaɗe mu na ɓoye masa. Wataƙila ba zai gyara zuciyar kare ba, amma da ta san mutumin nan bai saɓa mata ba, da ta samo masa aiki a gidan wata ƙawarta. Ranar wata Alhamis na sa wankakken kaftanina, na rufe shago, na shiga danfo. Na sauka a Ikeja, na taka har na hango bangon gidan. Sai na fara tunanin idon Bagobiri in ya ji, da bakin mahauta in labari ya iso Agege. Na tsaya na sayi ruwan leda na sha, na juya na koma.

Ya nemi gadi a wurare uku bai samu ba, kowa sai ya tambayi dalilin barin na baya, shi kuma ba ya iya ƙarya. Baron fatu kuma wani ya riga ya gaje shi. Ni ina ta kauce masa. In ya kira sai in ce shago ya cika.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, benci biyu cike da mahauta, sai ga shi da jaka a kafaɗa da kwali a hannu. Na gane kwalin tun daga nesa. Ya yi sallama, ya ajiye shi a gaban madubi.

"Madam ta ce a zuba a shara. Na ce a'a, akwai wanda ya san darajarta." Ya juya ga mutane, da murya sama, don kowa ya shaida. "Jama'a, ta taɓa kare, ba zan ɓoye muku ba. Amma na kwance haƙoranta na wanke su sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda malam ya ce a yi. Tsarkakakka ce."

Wani mahauci ya shafa kansa ya ce, "To, Wanzam, ni dai da mai figar kazar za ka yi mini." Aka yi dariya, amma na san ba wasa a ciki. Ba kan da zai yarda da ita a Agege.

Na buɗe kwalin. Ya goge jikinta tas, zinariyar tana ƙyalli. Na duba haƙoran. Ya dirje su da yashi da iya ƙarfinsa, duk kaifin ya tafi, tsatsa har ta fara fitowa a tsakani.

Ya ga mutane suna nonnoƙewa, sai ya cire hularsa ya hau kujera. "Fara da ni, su gani."

Na ɗaura masa ƙyalle. Na kunna. Sautin nan da na daɗe ina so ya cika shagon. Na ɗora a ƙeyarsa, ta kama gashi ta ja. Na ga wuyansa ya ɗaure, ya runtse ido. Na sake tafiya, ta sake ja, har ɗan jini ya tsattsafo a bayan kunne.

"Yaya take?" wani ya tambaya daga benci.

"Lafiya lau," in ji Bagobiri. "Kamar ba a taɓa ni."

Haka na aske kan nan gaba ɗaya, ina kallon fuskarsa a madubi, maganar tana bakina. Na shirya ta. Na ce a raina da na gama zan ja shi waje in faɗa masa komai. Na kakkaɓe ƙyallen, na shafa masa hoda. Ya miƙe ya sa hula, ya ɗauki jakarsa, ya ce akwai motar shanu da za ta koma arewa da la'asar, direban ya yarda ya hau baya. Zai je ya yi noma, in Allah ya sa da rabo wata rana ya dawo.

Na raka shi har bakin titi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Wanzam, zama ya yi zama. Na ci abincinka, na kwana a ɗakinka. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba," na ce. "Ni ma ka yafe mini."

Na buɗe baki zan ci gaba, amma ya riga ya yi dariya ya daki kafaɗata.

"Haba, kai? Me ka taɓa yi mini in ba alheri ba? Na yafe duniya da lahira."

Ya tsayar da okada ya hau. Na tsaya a wurin na bar shi ya tafi da wannan a ransa. Ya yafe mini abin da bai san na yi ba, kuma har yau ban sami malamin da zan iya tambaya ko irin wannan yafiyar tana karɓuwa ba.